Ido Tagar Ƙwaƙwalwa: Yadda Hauhawar Matsi a Cikin Ƙoƙon Kai ke Cutar da Ganin Yara

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Jega ko Aliero ko Maiyama ya san cewa da zarar hunturu ya ja jiki, bazara ta sako kai, akwai wani baƙo da iyaye ke fargabar saukarsa, wato ciwon sanƙarau. Yankinmu yana cikin zirin ƙasashen da wannan ciwo ke yawan addaba, wanda ya miƙe tun daga Senegal har zuwa Habasha. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Daga 2013 zuwa 2015 wani sabon nau'in ƙwayar cutar ya yi ta ɓulla a jihohin Sakkwato da Kebbi. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwar rasuwar mutum 26, inda ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero suka fi jin jiki.

Idan damina ta faɗi annoba takan lafa, a ƙidaya waɗanda suka rasu, a yi wa waɗanda suka tashi barka. To, amma ba a nan labarin yake ƙarewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayoyin bakteriya yakan tashi da wata naƙasa mai ɗorewa. Kurumta ita ce aka fi sani. Sai dai akwai wata illar da ke zuwa a ɓoye, bayan makonni ko watanni, ta cinye ganin yaro alhali idanunsa garau suke a zahiri. Tushenta shi ne hauhawar matsi a cikin ƙoƙon kai. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa, da sauran abubuwan da ke haddasa shi ban da sanƙarau, da kuma alamomin da malami ko ɗalibi zai iya ganewa tun da sauran lokaci.

Akwatin da ba ya faɗaɗa

Ƙoƙon kan babban mutum tamkar akwati ne na ƙashi da aka rufe. Abubuwa uku ne ke zaune a cikinsa: ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki kimanin kashi 80 cikin 100 na wurin, sai jini kashi 10, sai kuma wani ruwa garai-garai mai kama da ruwan sha, shi ma kashi 10. Tun a shekarar 1783 wani malamin likitanci a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Monro ya lura cewa tun da akwatin ba ya buɗewa, yawan abin da ke ciki ba zai iya ƙaruwa yadda aka ga dama ba. Ɗalibinsa George Kellie ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1824. Ma'anar ita ce, in ɗayan ukun ya ƙaru, dole ne wani ya ragu ya ba shi wuri. In kuwa wurin ya ƙare, sai matsi ya hau.

Shi wannan ruwan ƙwaƙwalwa ba a tsaye yake ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ɗakuna huɗu inda ake tace shi daga jini dare da rana. Babban mutum yana da kimanin mililita 150 nasa a kowane lokaci, amma jikinsa yana samar da kusan mililita 500 a kowace rana, wato daidai da leda ɗaya ta fiya wata. Ke nan ana sabunta shi kamar sau uku a yini. Yakan bi ta wasu 'yan siraran mashigai ya fito, ya kewaye ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, sannan jijiyoyin jini su shanye shi. Amfaninsa shi ne ya tallafi ƙwaƙwalwa kada ta bugu da ƙashi, ya kuma kwashe dattin da take fitarwa.

Mai noman albasa a fadamar Aliero zai fahimci wannan tsari ba tare da wahala ba. Injin ban-ruwa yana turo ruwa, ruwan yana bin tiyo da kwalbati ya shiga fangali, ƙasa ta shanye. In wani ya taka tiyon, ko laka ta toshe kwalbatin, injin bai san an yi ba, zai ci gaba da turowa har tiyon ya kumbura ya yi tauri. Haka abin yake a cikin kai. Ƙwayoyin sanƙarau suna kama fatar nan mai rufi uku da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ko bayan magani ya kashe su, mugunya da tabon da suka bari suna iya toshe mashigan ruwan ko wuraren da ake shanye shi, alhali ba a daina samar da sabo ba.

Ina ruwan ido da wannan?

Mai karatu zai iya tambaya, to, mene ne haɗin ido da abin da ke faruwa a cikin ƙoƙon kai? Amsar tana ga yadda aka halicci idon. Tun ɗan tayi yana da 'yan makonni a ciki, tantanin da ke ɗaukar hoto a bayan ido yake tsirowa daga ƙwaƙwalwa, kamar yadda reshe ke fita daga bishiya. Saboda haka jijiyar gani, wadda ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, wani sashe ne na ƙwaƙwalwar kanta. Tsawonta kimanin santimita biyar ne, kuma ta ƙunshi siraran zaruruwa fiye da miliyan ɗaya. Bugu da ƙari, fatar nan mai rufi uku ta biyo ta kamar kube har zuwa bayan ƙwayar ido, kuma ruwan ƙwaƙwalwa yana kwance a cikin kuben. Don haka duk matsin da ya hau a cikin kai, sai ya gangaro ya shaƙe jijiyar a daidai inda ta shiga ido.

Kowane zare na jijiyar gani yana da rai, kuma a cikinsa akwai zirga-zirgar kayan abinci da kayan gyara, daga ido zuwa ƙwaƙwalwa da kuma dawowa. Mu kwatanta shi da hanyar motar da ta ratsa Jega ranar kasuwa. In wata babbar mota ta lalace a kan gada, motocin albasa da na hatsi za su yi ta taruwa a bayanta har layi ya yi tsawo. Haka kayan da ke tafiya a cikin zaruruwan suke cunkushewa a bakin wurin da aka shaƙe, sai kan jijiyar ya kumbura ya turo cikin ido. Wani masanin ido ɗan asalin Indiya, Sohan Singh Hayreh, shi ne ya tabbatar da wannan bayani ta hanyar gwaje-gwajen da ya yi a shekarun 1960 da 1970. Likitoci suna kiran wannan kumburi fafilidima, kuma yawanci idanu biyu yake kamawa.

Abin sha'awa shi ne ana iya ganin kumburin ba tare da an tsaga kowa ba. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ya bayyana wa duniya madubin leƙa cikin ido. Zuwa 1860 wani likitan ido a Jamus, Albrecht von Graefe, ya ba da bayanin yadda kan jijiyar gani ke kumbura ga masu ƙari a ƙwaƙwalwa. Har yau wannan ƙaramar na'ura mai kama da cocilan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane cewa matsi ya hau a cikin kai. Dubawar ba ta wuce 'yan mintoci, kuma ba ta da zafi.

Gani yana tafiya daga gefe

Haɗarin wannan matsala yana ga yadda take sanɗa. Da farko yaro yana karanta rubutun allo sarai, domin zaruruwan da ke kula da tsakiyar gani su ne na ƙarshen lalacewa. Abin da ke fara faruwa shi ne ɗaukewar gani na 'yan daƙiƙoƙi, kamar an kashe fitila an kunna, musamman idan yaro ya miƙe tsaye da sauri, ko ya sunkuya, ko ya ɗago daga sujada. Daga nan sai gefen gani ya riƙa tsukewa sannu a hankali. Yaron yakan yi tuntuɓe da kujera, ya ci karo da ƙyauren ƙofa, ko ya kasa ganin babur da ya taho ta gefensa. Daga ƙarshe sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu.

In matsin ya daɗe, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar gani su ma sukan matse, zaruruwa su fara mutuwa. A lokacin kumburin yakan sace, kan jijiyar ya koma fari fat. Zaren da ya mutu ba ya sake tsirowa. A nan ne wannan makanta ta bambanta da ta yanar ido, wadda ake cirewa mutum ya ci gaba da gani. Tabarau ma ba ya gyara ta. Amma in an sauke matsin tun zaruruwan suna kumbure ba su mutu ba, gani yakan dawo ko ya tsaya inda yake.

Ɗalibi zai iya gano wurin da wannan jijiya ta fita daga idonsa da kansa. Samu farar takarda ka zana alamar tarawa a hagu, ka ɗiga baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idonka na hagu, ka ƙura wa alamar tarawar idon dama, ka riƙe takardar a iyakar tsawon hannunka, sannan ka riƙa matso da ita a hankali. Idan ta kai wajen santimita 30 daga fuskarka, ɗigon zai ɓace. Hotonsa ne ya faɗa a kan jijiyar gani, inda babu ƙwayoyin ɗaukar haske. Wani Bafaranshe mai suna Edme Mariotte ne ya gano wannan makahon gurbi a shekarun 1660. Kowa yana da shi, amma ba ma lura saboda ƙwaƙwalwa tana cike giɓin. Ga mai kumburin jijiya wannan gurbi yakan faɗaɗa, kuma ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ɓoye masa. Wannan shi ya sa yaro ba ya kawo ƙara da wuri.

Karkacewar ido da gani biyu-biyu

Ba jijiyar gani kaɗai matsi ke taɓawa ba. Tsokoki shida ne ke juya kowane ido, kuma jijiyoyi uku ne daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Ɗaya daga ciki, wadda masana ke kira jijiya ta shida, aikinta shi ne jan ido zuwa waje, wato wajen kunne. Siririya ce, hanyarta tana da tsawo, kuma ta haura ta kan wani tudun ƙashi a gindin ƙoƙon kai. Idan matsi ya tura ƙwaƙwalwa ƙasa ko da kaɗan ne, sai ta miƙe ta yi rauni. Sakamakon haka idon yakan karkato wajen hanci, yaro ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, musamman abin da ke nesa. Wani yaron ba zai iya faɗi ba, sai dai a ga yana rufe ido ɗaya, ko yana juya kai gefe in zai dubi allo.

Wajibi ne a bambanta wannan da harara-garke da yaro ya taso da shi tun yana ƙarami. Abin da muke magana a kai shi ne karkacewar da ta zo farat ɗaya ga yaron da idanunsa suke daidai a da. Akwai kuma alama mafi tsanani. In baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe ya fi ɗaya girma, ba ya tsukewa ko an haska shi, ga fatar idon ta sauko, ga yaro yana ta barci ba ya farkawa sosai, to ƙwaƙwalwa ce ta fara danne jijiya ta uku. Wannan maganar rai ce, ba a kwana da ita a gida.

Jarirai daban suke

Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, kuma akwai maɗiga a tsakiya wadda ba ta rufewa sai ya kai wajen shekara ɗaya da rabi. Saboda haka akwatinsa yana iya faɗaɗa. In ruwa ya taru, maimakon jijiyar gani ta kumbura nan da nan, kan ne ke girma. Kewayen kan jariri yakan kai kimanin santimita 35 ranar haihuwa, ya kai wajen 46 idan ya cika shekara. Kan da ke girma fiye da ƙima daga wata zuwa wata, da maɗigar da ta kumbura ta yi tauri alhali jariri yana zaune ba kuka yake ba, da jijiyoyin fatar kai da suka fito ruɗu-ruɗu, duk alamu ne. Haka nan idanun sukan kafe suna kallon ƙasa, fari ya bayyana a saman baƙin, kamar rana tana shirin faɗuwa. Faɗaɗar kan ba ta kare gani har abada, domin ruwan yana miƙar da hanyoyin gani da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Iyaye mata sun san maɗiga sosai, amma ya kamata a riƙe bambancin nan: maɗigar da ta faɗa ciki alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, galibi saboda gudawa, wadda ta kumbura kuwa alamar matsi ce. Babu ɗaya daga cikinsu da shafa wani haɗi a kai yake warkarwa. A garin Mbale na ƙasar Yuganda, wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai suna Benjamin Warf ya gano cewa fiye da rabin jariran da aka kawo masa da taruwar ruwa a kai, ba da ita aka haife su ba, wani ciwo ne mai zazzaɓi da suka yi a farkon rayuwa ya jawo ta. Wannan ya nuna cewa tsabtar haihuwa, da kula da cibiya, da gaggauta kai jariri mai zazzaɓi asibiti, duk hanyoyi ne na kare idonsa.

Sauran dalilai

Ban da sanƙarau na annoba, ƙwayar tarin fuka ma tana kama rufin ƙwaƙwalwa, kuma ita ta fi saurin toshe mashigan ruwa. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa yana kumbura ta. A birnin Bilantaya na ƙasar Malawi, binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa mai tsanani shi ne babban abin da ke kashe yaran da wannan zazzaɓi ya sumar. Faɗuwa daga babur ko bishiya ko amalanke tana iya sa jini ya taru a cikin kai. Ƙari a ƙwaƙwalwa ma yana samun yara. Ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka yi sakaci da shi yana iya sa jini ya daskare a babbar jijiyar da ke bayan kunne, wadda ta nan ne ruwan ƙwaƙwalwa ke komawa jiki.

Akwai kuma nau'in da hoto ba ya nuna ƙari ko toshewa, amma matsin yana sama. An fi ganinsa ga 'yan mata da suka balaga masu ƙiba, ko da yake kafin balaga yana kama maza da mata, masu jiki da marasa jiki. Wasu magunguna suna iya tayar da shi, kamar tetarasaikilin, wato kafson nan mai ja da rawaya da ake saye barkatai, da shan sinadarin bitamin A fiye da ƙima na tsawon lokaci, da kuma daina shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe farat ɗaya bayan an daɗe ana sha. Wannan bai shafi ɗigon bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara a bisa ma'auni ba, domin shi kare ido yake yi daga dundumi.

Alamomin da za a lura da su

Kada wannan bayani ya sa a ɗauki kowane ciwon kai a matsayin matsi. Mafi yawan ciwon kan ɗalibai daga zafin rana ne, ko ƙishirwa, ko yunwa, ko zazzaɓi, ko buƙatar tabarau. Wanda ya kamata a yi zargi shi ne:

1. Ciwon kai da ke ƙaruwa kullum, ya fi tsanani da asuba ko a kwance, ko ya tsananta in an yi tari ko an sunkuya.
2. Amai da sassafe, sau da yawa ba tare da ciwon ciki ko gudawa ba.
3. Ɗaukewar gani na 'yan daƙiƙoƙi, ko gani biyu-biyu, ko sabuwar karkacewar ido.
4. Jin wata ƙara a kunne mai tafiya daidai da bugun zuciya.
5. Yawan barci a aji, ko sauyin hali, ko tangaɗi wajen tafiya, ko koma-baya a karatu ga yaron da aka san shi da ƙoƙari.

In biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, musamman ga yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ya bugu a kai, to a kai shi asibiti, a kuma roƙi likita ya leƙa bayan idonsa.

Magani da rigakafi

Idan aka ga kumburi, akan fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. In hoton ya nuna babu haɗari, sai a sa allura a gadon baya a auna matsin a kuma ɗebi ruwan don gwaji, dabarar da Heinrich Quincke ya fito da ita a Jamus a 1891. Mutane da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa tana gurgunta yaro. Gaskiyar ita ce ana sa ta ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ruwan da aka ɗiba jiki yana mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Ga yara, matsin da ya haura santimita 28 na ruwa ana ɗaukarsa ya yi yawa.

Maganin ya danganta da dalilin. Akwai ƙwayar asetazolamaid mai rage yawan ruwan da ake samarwa. In toshewa ce, likitocin tiyata sukan sa siririn bututu a ƙarƙashin fata ya kwashe ruwan daga kai zuwa ciki. Wani maƙerin injuna a Amurka, John Holter, shi ya ƙera murfin da ya inganta wannan bututu a 1956, saboda ɗansa jariri da ke fama da matsalar. Akan kuma huda wa ruwan sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwa ta amfani da na'urar leƙe. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma ana iya farawa daga babban asibitin garinku ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, su tura mutum gaba. Tsaga a goshi, ko ƙaho, ko ɗiga wani ruwa a ido, ba sa kaiwa inda ciwon yake, lokaci kawai suke cinyewa.

Ta fuskar rigakafi an samu ci gaba. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusa kawar da nau'in A, wanda ya haddasa annobar 1996. A shekarar 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar. Karɓar rigakafi, da rage cunkoso a ɗakunan kwana, da buɗe tagogi lokacin bazara, da kwana cikin gidan sauro, duk suna rage yawan yaran da za su shiga wannan hali.

Kammalawa

Likita yakan ga yaro na 'yan mintoci ne, malami kuwa yana tare da shi sa'o'i biyar ko shida a kowace rana. Shi ne zai fara lura cewa ɗalibar da ke zama a baya ta koma rufe ido ɗaya, ko ɗalibin da ya dawo daga jinya yana kwantar da kai a kan tebur kowace safiya. Kafin a ce masa rago, ko a ce iskoki ne suka taɓa shi, a tambaye shi yadda kansa yake da asuba, da kuma ko gani yana ɗauke masa. Ina ba shugabannin makarantunmu na Jega da Aliero da Maiyama shawara su riƙa rubuta sunan duk ɗalibin da ya yi sanƙarau, su tabbatar an gwada jinsa an kuma duba bayan idonsa bayan an sallame shi, su kuma sa masa ido har ƙarshen zangon karatu na gaba. Ku kuma ɗalibai, ku kai wannan bayani gida, ku dubi ƙannenku. Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.